Jan Soɓorodo da Farin Nono: Abin Shan Zamfara Na Buƙatar Alƙalai

A ƙasashen da ake noman inabi domin yin giya, irin su Faransa da Italiya da Afirka ta Kudu, akwai al'adar da gidan matsar inabi na wani yanki kan gayyaci mutane su zauna, a jera musu giyar da ya yi, ja da fara, a ajiye wa kowace irin abincin da ake ganin ya dace da ita, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana duba launi, ana shinshina ƙamshi, ana kurɓa, ana faɗin abin da harshe ya ji. Jar giyar ana barinta ta yi tsami tare da ɓawon inabin, shi ya sa take ɗauke da sinadarin tanin, wato abin da ke kawo baurin da ke kama baki, kuma saboda wannan baurin ne ake haɗa ta da jan nama mai kitse. Farar kuwa ana raba ruwan da ɓawon tun farko, sai ta fito da tsami mai sauƙi wanda ake ganin ya fi tafiya da kifi da kaza. Irin wannan zama ba shi da gurbi a Bunguɗu ko Gusau ko Tsafe, domin addinin mutanen ya haramta duk abin da ke sa maye tun kafin gwamnati ta ce uffan, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, sayar da giya ya zama laifi a dokar jihar Zamfara. Sai dai tambayar da wancan zama ke ƙoƙarin amsawa, wato wane abin sha ne ya dace da wane abinci kuma don me, tambaya ce da kowace al'umma mai girki take da amsarta, kuma amsar Zamfarawa tana nan a hannun mata masu dama fura da masu jiƙa soɓorodo, ba a rubuce ba, ba a kuma ɗauke ta a matsayin ilimi ba.

Matsayin wannan maƙala shi ne cewa abin shan gargajiya na wannan yanki yana rasa bambancinsa a hankali, sukari da ƙamshin kwalba da madarar gari suna mayar da shi abu guda mai ɗanɗano ɗaya, kuma ba za a tsayar da wannan lalacewa ba sai an samu mutanen da za su riƙa zama su ɗanɗana, su yi hukunci, su kira mai kyau da sunan garin da ya fito.

Ja a nan shi ne soɓorodo, wanda a Kano aka fi sani da zoɓo, kuma ana samunsa ne daga kofin furen yakuwa, wato naman da ke rufe da ƙwayar irin bayan furen ya faɗi, wanda ake ɓarewa a shanya a farkon kaka. Manomin Bunguɗu bai cika ware masa gona ba. Yakan shuka shi a gefen gonar dawa ko gyaɗa a matsayin iyaka, ganyen ya tafi miyar sure, kofin ya tafi kasuwa. Launinsa daga sinadarin antosayanin yake, wanda shi ne kuma ke ba ɓawon jan inabi launinsa, tsaminsa kuma daga wasu nau'o'in asid na tsirrai ne da ke cikinsa da yawa. Duk macen da ta saba da shi ta san cewa ba iri ɗaya ba ne: akwai mai duhu sosai wanda ke ba da launi mai kauri da tsami kaɗan, akwai ja mai haske wanda tsaminsa ke tsinka baki, akwai kuma fari wanda ya fi shiga miya. Gwanaye sukan gauraya mai duhu da mai haske domin su samu launin ɗaya da tsamin ɗaya, kuma wannan gaurayawa da ido da hannu ita ce ainihin abin da masu giyar yankin Bodo na Faransa ke yi da nau'o'in inabinsu, suna kuma karɓar yabo da kuɗi a kansa.

Hanyar fitar da ruwan ma tana sauya sakamako. Idan aka jiƙa soɓorodo a ruwan sanyi ya kwana, yakan fito da ƙamshin 'ya'yan itace da launi garau. Idan aka tafasa shi ya daɗe a wuta, yakan yi duhu, bauri ya ƙaru, ƙamshin ya dushe. Masu jefa masa kanwa domin rage tsami suna cin riba ta wajen sukarin da za su zuba, amma kanwar tana juya launin zuwa shuɗi mai duhu kuma tana kashe abin da ya sa ake son soɓorodo tun farko. Citta da kanumfari da ɓawon abarba, idan an sa su da awo, suna tallafa wa tsamin. Abin da ke binne shi shi ne garin ƙamshi na leda da ake zubawa har sai an kasa gane ko furen yakuwa ake sha ko alewa aka narkar.

Fari kuwa ya fi faɗi, domin a ƙarƙashinsa akwai fura da nono, da kunun aya, da kunun gyaɗa, da kunun zaƙi, kuma kowanne yana da matsayinsa da lokacinsa. Fura ita ce babba, kuma tsohuwa ce ƙwarai a wannan shiyya ta Afirka, domin Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ratsa ƙasar Mali a shekarun 1352 da 1353, ya ba da labarin wani abin sha na dakakken gero da ruwa da ɗan zuma ko nono da aka ba shi a bakin kogin Kwara. Ingancinta yana farawa daga geron: surfe, wanki, daka tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, dafa curin a tafasasshen ruwa, kirɓawa a turmi har ta yi danƙo, sannan a mulmula a barbaɗe da gari. Furar da aka niƙa a inji ta fi laushi, amma ta daka ta fi riƙe ƙamshin gero da ɗan tsakin da ke ba baki abin taunawa. Sai kuma nonon, wanda shi ma hawa-hawa ne: kindirmo shi ne wanda aka bar shi ya yi barci da mansa, mai kauri da garɗi, tsala kuwa shi ne wanda aka kaɗe aka cire man, ya fi ruwa-ruwa kuma ya fi tsami. Ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke cinye sukarin madara su mayar da shi asid ɗin laktik, kuma ƙwaryar da ake zuba madarar kullum tana riƙe da nata ƙwayoyin, abin da ya sa nonon wata ruga ke bambanta da na maƙwabciyarta ko da shanun suna kiwo a fadama ɗaya.

Dokar haɗa waɗannan da abinci, ko da yake ba wanda ya zauna ya tsara ta, tana da dalilai da kimiyya ke iya bayyanawa. Tsire da balangu da kilishi, da waina da aka soya da man gyaɗa, da dafa-duka ta biki, duka abinci ne masu maiƙo, kuma maiƙo yana lulluɓe harshe har loma ta biyar ta kasa daɗin ta farko. Tsamin soɓorodo yana tsinka yawu, ɗan baurinsa yana wanke wannan maiƙon, sai bakin ya dawo sabo. Wannan shi ne aikin da ake nema daga jar giya a teburin Bature, kuma soɓorodon da ba a cika masa sukari ba yana yin sa ba tare da ya taɓa hankalin mai sha ba. Inda yaji ya yi yawa kuwa, kamar a ɗanwake ko dambu ko naman da aka turmusa a barkono, soɓorodo ba ya kashe wutar, har yakan ƙara ta idan citta ta yi masa yawa, domin sinadarin kafsaisin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa. Abin da ke ɗauke shi daga harshe shi ne kitsen madara da furotin ɗinta mai suna kesin. Saboda haka wanda ya bi abinci mai yaji da kindirmo ya bi ƙa'ida, ko ya san sunanta ko bai sani ba.

Buɗa-bakin azumi shi ne wurin da wannan ilimi ya fi fitowa fili, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙosai da kunun tsamiya sun zama abokan juna a kusan kowane gida daga Kwatarkwashi zuwa Nahuce, kuma haɗin ya yi daidai ta kowace fuska: ƙosai soyayye ne mai gishiri da albasa da attarugu, kunun kuwa mai ɗumi ne da tsami, yana sassauta cikin da ya wuni babu komai, yana kuma yanke man. Abin lura shi ne tsamiya tana cikin 'ya'yan itatuwa ƙalilan da ke ɗauke da asid ɗin tatarik da yawa, wanda shi ne babban asid ɗin inabi, don haka tsamin da ɗan Faransa ke yabo a farar giyarsa ɗan uwan wanda ke cikin kofin kunun mai azumi ne. Kunun gyaɗa, wanda ake yi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da shinkafa, yana da garɗi da nauyi, shi ya sa ake ɗiga masa ruwan tsamiya ko lemon tsami a ƙarshe, domin in babu wannan ɗigon yakan gundiri mai sha kafin ya kai rabin kofi. Kunun kanwa kuma an ware shi ga mai jego tare da gasasshen nama mai yaji, wanda ke nuna cewa al'adar tana la'akari da halin jikin mai sha, ba da abincin kaɗai ba. Fura, a nata ɓangaren, ba rakiyar abinci ba ce a asali. Ita kanta abincin rana ce ga manomi da makiyayi, kuma ajiye ta kusa da tuwon dawa da miyar kuka, kamar yadda ake gani a wasu walimomi, ɗora nauyi ne a kan nauyi. Abin da ya dace da tuwo ko hoce shi ne ruwan randa mai sanyi, ko farau-farau, wato ruwan da aka ɗan dama fura a ciki ya yi fari ba tare da ya yi kauri ba.

Akwai kuma iyakar da dole mai wannan sana'a ya sani, domin duk abin sha mai sukari da aka bari cikin zafi yana kan hanyar zama wani abu dabam. Kunun zaƙi na asali ba da sukarin kanti ake zaƙaƙa shi ba: ana dama kashi ɗaya na ƙullun gero ko dawa da tafasasshen ruwa, a gauraya da ɗanyen kashin da aka niƙa da busasshen dankali ko tsiron hatsi, a rufe ya kwana, sai sinadarin amilas da ke cikin dankalin ko tsiron ya farfasa sitaci ya mayar da shi sukari. Wannan matakin shi ne kuma matakin farko na burkutu, giyar dawa da Maguzawa suka daɗe suna yi, kuma abin da ya raba su shi ne tsawon lokacin da aka bar yis yana cin sukarin yana fitar da barasa. Fiƙihu ya san wannan iyaka tun da daɗewa. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da kashegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura kuma a bayar ko a zubar; wannan jiƙon shi ake kira nabizu. A zafin bazarar Zamfara lokacin ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba, musamman ga kunun aya, wanda ke iya juyawa cikin 'yan sa'o'i idan babu ƙanƙara. Harshen da ya ƙware wajen gane farkon kumfa da warin juyawa yana yi wa addini hidima kamar yadda yake yi wa lafiya.

Abin da ke faruwa a kasuwa yanzu ya saɓa wa duk wannan. Mai sayar da soɓorodo a gorar roba a tashar motar Gusau tana gogayya ne da lemon kwalba, kuma ta fahimci cewa yaro da matashi sun saba da zaƙi mai tsanani, don haka take ƙara sukari, wani lokaci ma da sinadarin zaƙi mai araha wanda ke barin ɗaci a maƙogwaro. Ba za a ga laifinta ita kaɗai ba, tunda jarinta ƙarami ne kuma mai saye ba ya biyan ƙarin ko sisi domin inganci. Amma sakamakon shi ne an wayi gari soɓorodon Tsafe da na Bunguɗu da na Legas duk ɗanɗanonsu ɗaya, kuma abin shan da binciken Jami'ar Tufts ta Amurka, wanda aka buga a 2010, ya nuna yana ɗan rage hawan jini ga masu shan kofi uku a rana na tsawon mako shida, ya koma hanyar ɗura wa jama'a sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ga baligi. Harajin naira 10 a kan kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon kamfani bai shafi gorar da ake cikawa a tsakar gida ba, kuma babu jami'in da zai iya bin gida-gida yana auna cokali. Abin da zai iya sauya hannun mai haɗawa shi ne mai saye ya fara neman wanda tsaminsa ya fito, ya kuma yarda ya biya.

Matsalar farin ta fi ta jan zurfi, domin tushenta tsaro ne. Tun wajen 2011 da satar shanu da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Zamfara, rugage da yawa sun watse, garkuna sun ƙaura ko an kore su, kuma matan Fulani da ke sallama da ƙwarya a ka suna shiga gari da hantsi sun ragu. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci, matakan da aka ɗauka domin a matse 'yan bindiga amma suka taɓa duk wanda abincinsa ke tafiya ta kasuwar ƙauye. A garin da sarautarsa ma Sarkin Fulanin Bunguɗu ce, abin takaici ne a ce nonon da ake dama fura da shi sau da yawa daga madarar gari ta buhu aka kwaɓa shi, a wasu lokuta a ƙara masa garin ƙwame, wato farin garin 'ya'yan kuka, domin ya yi kauri da tsami. Wannan haɗin ba guba ba ne, kuma ya rufa wa mata da yawa asiri, sai dai ba kindirmo ba ne, kuma yaron da ya tashi a kansa ba zai san abin da ya rasa ba balle ya nema.

Mai karatu zai iya cewa a jihar da mutane ke kwana da fargaba, wasu ke gudun hijira, zancen ɗanɗano da ƙamshi zancen ƙoshi ne. Hujja ce mai nauyi, amma ta manta cewa waɗanda ke rayuwa da wannan sana'a su ne matan aure da zawarawa da 'yan gudun hijirar kansu, kuma bambancin da ke tsakanin kayan da ake saye da suna da wanda ake saye a buhu ba suna shi ne bambancin kuɗin da ke shiga hannunsu. Najeriya tana cikin manyan masu fitar da busasshen soɓorodo a duniya, mafi yawansa daga Jigawa da Kano da Katsina, kuma babbar kasuwarsa Meziko ce, inda ake shan sa kamar yadda ake shan bisaf a Senegal da karkade a Masar da Sudan. Duk da haka yana fita ne a matsayin kaya mara asali, ana gauraya na kowane gari, kuma lokacin da Meziko ta dakatar da shigar da shi na wasu shekaru saboda ƙwaron rumbu da ta ce ta gani a cikin kaya, mai tsabta da mai ƙazanta duka suka yi asara tare, tunda babu yadda za a rarrabe su. Aya ma haka take: yankin Maraɗi na Nijar yana noma ta da yawa, ana kai ta har Sifaniya, inda mutanen Balansiya ke yin irin kunun ayarsu, amma ayar da aka noma a Balansiya ita ce ke da suna mai rajista da hukumar da ke kare shi, ita ce kuma ke da tsada.

Wannan tsari na ɗaure kaya da sunan wurin da ya fito, wanda ake kira alamar asalin yanki, daga giyar inabi ya samu ƙarfinsa: a 1855 aka jera gidajen giyar Bodo hawa-hawa, a 1935 kuma Faransa ta kafa dokar da ta ƙayyade yanki da irin inabi da hanyar aiki kafin a yarda kaya ya ɗauki sunan wuri. Amma tuni ya bar hannun masu giya. Masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru sun samu irin wannan rajista a 2013 a ƙarƙashin ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, daga baya kilishin Nijar da albasar Galmi suka bi sahu. Habasha ta yi dambarwa da kamfanin Starbucks har suka daidaita a 2007 a kan sunayen kofinta na Harar da Sidamo da Yirgacefe. A kasuwar gwanjon shayi ta Mombasa a Kenya, farashi yana bin hukuncin ƙwararrun masu ɗanɗano ne, waɗanda ke kurɓa su tofar. Don haka wanda ke ƙyamar zaman ɗanɗano saboda yana ganin kwaikwayon mashaya ne, ya sani cewa masu kofi da shayi da zuma da man zaitun duk suna yin sa, kuma ba ruwansa da maye.

Yadda za a yi shi a Bunguɗu ba ya buƙatar gini ko baƙo daga waje. Ana buƙatar mata goma ko ashirin masu sana'ar su kawo abin da suka haɗa, a zuba a kofuna iri ɗaya masu lamba ba suna, a raba zagayen ja da na fari, a ajiye ruwa da ɗan tuwo mara miya domin wanke baki tsakanin kofi da kofi, sannan a zagaye na biyu a kawo tsire da ƙosai da waina a ga wanne ya tsaya da ƙafarsa kusa da abinci. Ɓoye sunan shi ne ginshiƙin abin, domin a garin da kowa ya san kowa, hukuncin da aka yi ido na ganin ido kara ce kawai. Tarihin giyar inabi kansa ya nuna ƙarfin wannan: a wani zama da aka yi a Faris a 1976, alƙalai Faransawa da ba su ga sunayen kwalabe ba sun ɗora giyar Kalifoniya a kan tasu, a ja da fara, abin da ba za su taɓa yi ba da sun san me suke sha. Ba abin mamaki ba ne idan a irin wannan zama furar wata tsohuwa daga ƙauyen bayan Kwatarkwashi ta doke ta babban shagon Gusau mai firji da injin markaɗe.

Alƙalan ma ba sai an koya musu yare ba, domin Hausa tana da ma'aunan da ake buƙata: tsami da zaƙi da ɗaci, bauri irin na ɗanyen goro, garɗi irin na gyaɗa da kindirmo, gafi irin na hatsin da bai dahu ba, ƙarni na madarar da ba a kula da ita ba, ƙauri na abin da ya kama a tukunya, da lami na abin da ba shi da ɗanɗano ko kaɗan. Abin da ya rage shi ne a amince da ma'auni, a ce daga ɗaya zuwa biyar, a kuma rubuta sakamakon tare da bayanin irin geron da aka yi amfani da shi, ko gero ne ko maiwa, da gonar da soɓorodon ya fito, da awon sukari a kowace lita. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda suna da ɗakunan gwaji da ɗaliban da ke neman batun bincike kowace shekara, kuma auna tsami da sukari da tsabtar ruwan da aka yi amfani da shi aiki ne da ba ya fin ƙarfinsu. Tsabtar ruwan ba ƙaramin sashe ba ce, tunda gorar da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba suna iya ɓata aikin gwana mafi ƙwarewa, kuma duk kofin da ya faɗi a wannan gwajin bai kamata ya kai gaban alƙalan ɗanɗano ba.

Lokacin da ya fi dacewa da zagayen ja shi ne tsakanin Nuwamba da Janairu, sa'ad da sabon soɓorodo ya shigo kasuwa da launinsa da ƙamshinsa kafin ajiya ta dusar da su, sabon gero ma yana rumbu. Zagayen fari kuwa sai a damina, lokacin da ciyawa ta wadata shanu suke ba da madara mai yawa da mai, domin nonon rani kaɗan ne kuma tsaminsa yana da kaifi. A zagayen farin dole ne a raba aji biyu, na nonon shanu da na madarar gari, a rubuta wa kowanne sunansa a fili, domin masu madarar gari su yi gasa a tsakaninsu ba tare da an kore su ba, masu kindirmo kuma su samu farashin da zai biya wahalar kawo shi daga rugar da ta rage.